Ga fili ga mai doki: tarihin kofin lakros na jami'o'in Amurka

A shekarar 1957 ƙungiyar lakros ta Jami'ar Syracuse da ke jihar New York ta buga wasa 10, ta ci duka 10. Cikin 'yan wasanta akwai Jim Brown, wanda daga baya ya yi suna a ƙwallon Amurka mai kama da zari-ruga. Mai tsaron ragarta kuwa Oren Lyons ne, wanda ya zama ɗaya daga cikin dattawan al'ummar Onondaga. Da kaka ta ƙare sai kofin ƙasa ya tafi birnin Baltimore, hannun Jami'ar Johns Hopkins. Ƙungiyoyin biyu ba su kara da juna ba a waccan shekara. Wasu mutane ne suka zauna a ɗaki, suka duba takardu, suka ce wance ta fi. A 1970 aka sake yin irin wannan: Cornell ta gama kaka ba wanda ya doke ta, amma aka raba kofin tsakanin Hopkins da Virginia da makarantar sojan ruwa ta Navy, alhali kowacce a cikinsu ta sha kashi a kakar.

Ra'ayina game da wannan gasa ya taru a wuri guda. Duk lokacin da aka karɓe hukunci daga hannun kwamiti ko alƙali aka miƙa wa fili da agogo, gasar ta ƙara lafiya. Inda har yau take ciwo kuwa, idan aka bi sawu, za a tarar akwai wani ɗakin taro da bai saki linzami ba.

Tunda wasan baƙo ne a wurin yawancin masu karatu, sai an fara sanin yadda yake kafin gardamar ta yi ma'ana. Ana buga lakros na maza a fili mai tsawon yadi 110 da faɗin yadi 60, kowane ɓangare da mutum 10: mai tsaron gida, 'yan baya 3, 'yan tsakiya 3, 'yan gaba 3. Kowa na riƙe da sanda mai ɗan koma a kai, da ita ake cafe ƙwallo, a gudu da ita, a jefa. Ƙwallon ta roba ce mai tauri, ba ta kai lemun zaƙi girma ba, nauyinta wajen giram 145. Sandar 'yan gaba gajera ce, inci 40 zuwa 42. Ta 'yan baya doguwa ce, daga inci 52 har 72, kuma ba a yarda ƙungiya ta sa dogayen sanduna fiye da 4 a fili lokaci guda ba, ban da ta mai tsaron gida. Ragar ƙafa 6 ce tsaye, ƙafa 6 kwance, an kewaye ta da da'irar da ɗan gaba ba ya taka cikinta. Bayan raga akwai filin yadi 15 da ake wasa a ciki, kuma daga can ake ƙulla yawancin hare-hare. Dole mutum 4 su tsaya a gida, 3 su tsaya a gaba, wanda ya ƙetare layin tsakiya ya rage adadin ya yi satar fage. Ana yin zango 4 na minti 15. In an tashi kunnen doki sai a ƙara minti 4, wanda ya fara ci ya gama magana.

Abu biyu ne suka bambanta shi da ƙwallon ƙafa ƙwarai. Na farko, idan aka harba ƙwallo ta wuce raga ta fita, ba a ba abokan hamayya kai tsaye. Wanda ya fi kusa da ita lokacin da ta fita shi ke ɗauka, don haka ƙungiya mai wayo kullum tana ajiye mutum a bayan raga. Na biyu, bayan kowane ci ana komawa tsakiya, mutum biyu su sunkuya su yi kokawar ƙwace ƙwallo da sandunansu. Wanda aka ci ba shi da tabbacin zai taɓa ƙwallo. Ƙungiyar da ke da gwanin wannan kokawa tana iya zura ƙwallo biyar a jere abokan karawarta na kallo.

Wasan na 'yan asalin nahiyar ne. Al'ummomin Haudenosaunee guda shida, wato Mohawk da Oneida da Onondaga da Cayuga da Seneca da Tuscarora, suna buga shi tun kafin Turawa su iso, kuma a wurinsu yana da matsayi na ibada da neman waraka. Wani ɗan mishan Bafaranshe, Jean de Brébeuf, ya rubuta labarinsa a wajejen 1636 a ƙasar Huron. A 1867 wani likitan haƙori a birnin Montreal na Kanada, William George Beers, ya tsara dokokinsa na zamani. Shekara 10 bayan haka, a Nuwamban 1877, Jami'ar New York ta kara da Kwalejin Manhattan, wasan farko ke nan tsakanin manyan makarantun Amurka. Daga nan ya kafu a wani ɗan siririn yanki na gabas: Baltimore, tsibirin Long Island, arewacin jihar New York, da makarantun kwana na masu hali a New England.

Kusan shekara 90 ana naɗa zakara ba tare da wasan ƙarshe ba. Daga 1936 ƙungiyar lakros ta jami'o'i, USILA, ta riƙa ba da kofin Wingate, wanda aka sa wa sunan wani ɗan jaridar wasanni na Baltimore. Maryland ce ta fara ɗauka. Masu zaɓen suna duba yawan nasara da ƙarfin waɗanda aka doke. A takarda wannan ya yi kama da adalci, amma akwai tarko a ciki. Manyan nan, Hopkins da Maryland da Navy da makarantar sojan ƙasa ta Army, suna wasa da junansu kowace shekara, saboda haka kullum jadawalinsu ne "mai ƙarfi". Ƙungiyar da ke nesa, wadda manyan ba su ga dalilin sa ta a jadawali ba, ko ta cinye kowa sai a ce ai ba ta gamu da maza ba. An hana ka shiga kokawa, sannan an ce ba ka taɓa kayar da kowa ba. Idan kuma lissafi ya rikice sai a raba kofi: uku suka raba a 1959, uku a 1967, uku a 1970. Kuma ba don ba a san wata hanya ba. A 1928 da 1932, da aka tashi zaɓen ƙungiyar da za ta wakilci Amurka a wasan nuni na Olamfik, wasannin share fage aka yi, Hopkins ta ci a fili. An san maganin, an ƙi sha ne kawai.

Wannan ya sa ba na auna kofunan wancan zamani da na yanzu a sikeli ɗaya. Hopkins na ƙirga kofin ƙasa 44, amma 9 ne kawai ta ɗauka a gasar sili-ɗaya-ƙwale. Navy ta koci Willis Bilderback ta riƙe kambun shekara 8 a jere daga 1960 zuwa 1967, wasu ita kaɗai wasu da rabo, kuma babu mai musun ƙarfinta. Sai dai tun da aka koma fili ba ta ɗauki ko ɗaya ba, haka ma Army. Tarihi ne mai daraja, a ajiye shi a shafinsa.

A 1971 hukumar wasannin jami'o'i ta ƙasa, NCAA, ta karɓi ragama ta shirya gasa ta ƙungiya 8. Wasan ƙarshe aka yi a filin Jami'ar Hofstra a Long Island, kuma Cornell ɗin nan da aka tsallake bara ita ta doke Maryland 12 da 6 a ƙarƙashin koci Richie Moran. Da wuya a sami hujja mai kaifi kamar wannan a kan tsohon tsari. Cornell ta ƙara da 1976 da 1977, a cikin wani gudu da ta yi na cin wasa 42 a jere. A daidai wannan lokaci kayan wasan ma suka sauya. A da sandar ta itace ce, ana turara ta a lanƙwasa, a bar ta ta bushe wata da watanni, kuma yawanci masassaƙan Mohawk ke yin ta. Babu biyu da suke daidai, idan taka ta karye a tsakiyar kaka ka shiga uku kafin hannunka ya saba da sabuwa. Kamfanin STX na Baltimore ya fito da kan roba a 1970, mara nauyi, iri ɗaya, mai kamuwa da hannun dama da na hagu. Wasa ya ƙara sauri, koyo ya yi sauƙi, makarantu da yawa suka shigo. Masassaƙan kuwa kasuwarsu ta mutu cikin 'yan shekaru.

To amma kada a ɗauka da zuwan gasa ƙofa ta buɗe. Daga 1978 har 2009, kaka 32 cur, makarantu biyar kaɗai suka ɗauki kofin: Hopkins, North Carolina, Syracuse, Princeton da Virginia. Wani zai ce ai su suka fi iyawa, kuma da gaskiyarsa. Hopkins ta koci Henry Ciccarone ta ɗauka sau uku a jere daga 1978. Syracuse ta Roy Simmons ƙarami, wadda aka yi wa 12 da 5 a wasan ƙarshe na 1983 ta farfaɗo ta ci Hopkins 17 da 16, makarantar kuma ta kai wasan kusa da na ƙarshe shekara 22 ba fashi. Princeton ta Bill Tierney ta ɗauki 6 tsakanin 1992 da 2001, huɗu daga ciki a ƙarin lokaci, da salon tsaron da idan an wuce ɗan baya guda wani ya riga ya taso ya tare, na uku kuma ya toshe gurbin wanda ya taso. Waɗannan duk a fili suka ci, ba ni da ja.

Inda nake ja shi ne bakin ƙofa. Gurbi 8 ne har 1985, ya zama 10 a 1986, ya zama 12 daga 1987, kuma kwamiti ne ke cike su. Yaron da ya fi kowa iya wasa a sakandare yana son ya je inda zai buga gasar ƙasa, don haka yana bin makarantun da kwamiti ya saba gayyata. Su kuma suna ƙara ƙarfi, kwamiti ya ƙara samun dalilin gayyatarsu. Ga kuma batun kuɗi: shekaru da yawa doka ta ƙayyade wa kowace ƙungiya tallafin karatu da bai wuce na mutum 12.6 ba, a raba wa 'yan wasa fiye da 40. Ke nan yawancin iyaye su ke biyan mafi yawan kuɗin makaranta, kuma wanda zai biya daga aljihunsa zai zaɓi makaranta mai suna. Ruwa ya ci gaba da gangarawa inda ya saba.

Abin da ya fasa wannan da'ira shi ne tikitin kai tsaye, wanda aka fara a 2000. Ƙa'idarsa mai sauƙi ce: duk rukunin makarantun da ya kai ƙungiya 6, zakaransa ya shiga gasar ƙasa, ko kwamiti ya so ko ya ƙi. A 2003 aka faɗaɗa zuwa 16, daga 2014 kuma aka ƙara wasan share fage, adadin galibi ya riƙa yawo tsakanin 17 da 18. Tsofaffin gidaje sun yi ƙorafi cewa ana ba raunana gurbi ana barin masu ƙarfi a gida, kuma ba ƙarya suka yi ba, a zagayen farko akan yi wa wasu zakarun ƙananan rukunai dukan kawo wuƙa. Amma a duba abin da ya biyo baya. Shugaban jami'ar da ke tunanin kafa ƙungiya yanzu yana da abin da zai nuna wa masu ba da kuɗi: ga hanya, a ci rukuni a shiga. Koci a ƙaramar makaranta yana da abin da zai faɗa wa iyayen yaro. Delaware ta kai zagayen 'yan huɗu a 2007, Towson a 2017, Albany a 2018. A 2014 Bryant, wadda sai da ta bi ta wasan share fage, ta je gidan Syracuse ta fitar da ita 10 da 9. Har Hopkins, da ta shafe fiye da ƙarni tana zaman kanta ba rukuni, da aka bar ta a waje a 2013 bayan halarta 41 a jere, sai ga ta ta shiga rukunin Big Ten daga kakar 2015.

Daga 2010 sababbin sunaye suka fara hawa kan kofin. Duke ta fara, sannan Loyola ta Maryland a 2012, wadda ta shiga kakar ba ta cikin jerin manya. Denver ta ɗauka a 2015, kuma wannan ya fi kowanne girgiza tsohon tunani, domin karon farko ke nan da kofin ya bar gabashin ƙasar ya isa jihar Colorado. Tierney ɗin Princeton ne ya kai su, da wani ɗan aji ɗaya, Trevor Baptiste, a wurin kokawar tsakiya. Yale ta ɗauka a 2018, Notre Dame a 2023 da 2024. A 2025 Cornell ta dawo bayan shekara 48, ta doke Maryland 13 da 10, ƙungiyoyin da suka buɗe gasar a 1971. Zuwa wannan shekara makarantu 12 ne suka taɓa ɗauka, biyar daga ciki sun shigo ne daga 2010.

Sauran gurabe, kusan rabi, har yanzu kwamiti ke rabawa, kuma nan ne tsohuwar cuta ta ɓuya. Ma'aunin da aka daɗe ana jingina da shi, RPI, lissafinsa haka yake: kashi 25 cikin 100 nasarorinka, kashi 50 nasarorin waɗanda ka kara da su, kashi 25 nasarorin waɗanda su suka kara da su. Wato kashi uku cikin huɗu na makinka ba a hannunka yake ba. Bai san tazarar ci ba, wanda ya sha da ƙyar da ƙwallo ɗaya da wanda ya yi kaca-kaca da ƙwallo goma duk ɗaya ne. An ƙirƙire shi ne don ƙwallon kwando inda ake wasa kusan 30 a kaka, a lakros kuwa wasa 12 zuwa 15 ne, saboda haka rashin nasara guda a watan Fabrairu, cikin sanyi, kafin ƙungiya ta daidaita, yana iya bin ta har Mayu. Idan kuma 'yan rukuni guda suka yi sa'a a wasanninsu na waje a farkon kaka, sai su riƙa ɗaga makin juna duk lokacin da suka haɗu, ko wa ya ci.

Haka ta faru a 2022. Makarantu 6 na rukunin Ivy suka shiga, aka bar Duke da Notre Dame a gida, alhali Notre Dame ta rufe kakar da cin wasa 6 a jere. Rukuninsu na ACC ƙungiya 5 gare shi, bai kai 6 ba, don haka ba shi da tikitin kai tsaye da za a yi kokawa a kansa. Adalci ya sa a faɗi cewa 'yan Ivy ba su ba da kunya ba: Princeton ta kai 'yan huɗu, Cornell ta kai wasan ƙarshe ta sha kashi 9 da 7 a hannun Maryland wadda ta ci wasanninta 18 duka. Amma Notre Dame ɗin da aka ce ba ta isa ba ita ta ɗauki kofi biyu na gaba. Ba na cewa da an sa ta da ta ɗauka a 2022. Ina cewa an hana mu gani, kuma wannan shi ne laifin 1957 da 1970 a sabuwar riga. Ƙungiyoyin babban mataki, wato ajin farko na jami'o'in da ke neman wannan kofi, sun haura 70 yanzu. A faɗaɗa gasar zuwa 24, manya 8 su huta a zagayen farko, a sanar da ma'aunin zaɓe da nauyin kowane ɓangarensa tun kafin a fara kaka, a kuma sa tazarar ci a ciki da iyaka, misali kada a ƙirga abin da ya wuce ƙwallo biyar, don kada manya su mai da ƙanana abin huce haushi. Kwamiti zai ci gaba da kuskure, amma kuskure a kan ta 24 da ta 25 bai kai zafin kuskure a kan wadda za ta iya ɗaukar kofi ba.

Labarin agogo ma irin wannan ne, a cikin fili. Shekaru da dama babu iyaka ga tsawon lokacin da ƙungiya za ta riƙe ƙwallo. Da yake harbin da ya fita yana komawa ga wanda ya fi kusa, ƙungiyar da ke gaba da ƙwallo biyu tana iya zagaya raga minti uku, ta yi harbin ganganci sama da raga, mutuminta na baya ya ɗauka, a sake sabon zagaye. Wasan ƙarshe na 2010 ya tashi 6 da 5. A na 2012 Maryland ta ci 3 kacal, ta shafe minti 40 na ƙarshe ba ta ga raga ba. Maganin farko da aka kawo a 2013 shi ne a bar wa alƙali: in ya ga ana jan ƙafa sai ya ɗaga hannu ya ba da daƙiƙa 30. Sai rigima ta koma kan alƙalai, wannan yana ɗagawa bayan minti ɗaya, wancan sai bayan biyu, kociyoyi na ihu a gefen fili. A 2019 aka kafa agogo a fili kowa na gani: daƙiƙa 80 daga samun ƙwallo, cikinsu 20 na farko dole a ƙetare layin tsakiya, kuma sai harbi ya taɓa ƙarfen raga ko mai tsaron gida kafin a sabunta lokaci. Gardama ta mutu a kaka guda. Agogon ya kawo nasa matsaloli, gaskiya ne. Ƙungiyar da ta ɓata daƙiƙa 30 wajen sauya 'yan tsakiyar tsaro da na hari tana ƙarewa da harbin dole daga nesa, shi ya sa ɗan tsakiyar da ya iya gaba ya iya baya ya sake yin tsada. Amma wannan matsala ce ta koci da 'yan wasansa, su za su warware ta da atisaye.

Akwai hukunci guda na ɗakin taro da har yau nake ganin zalunci ne. Syracuse ta 1990, ta tagwayen nan 'yan Kanada Gary da Paul Gait, ba a doke ta ko sau ɗaya ba, ta lallasa Loyola 21 da 9 a wasan ƙarshe, kofi na uku a jere. Gary ne ya yi tsallen nan daga bayan raga a 1988 a wasa da Penn, ya zura ƙwallo yana sama kafin ƙafarsa ta sauka cikin da'ira, har daga baya aka haramta salon. A 1995 NCAA ta soke kofin 1990, saboda matar kocin ta sa hannu a matsayin mai lamuni a takardar bashin mota na Paul. An karya doka, ba na musu, kuma da an ci makarantar tara ko an rage mata tallafi da babu mai cewa uffan. Amma bashin mota bai jefa ƙwallo ko ɗaya cikin 21 ɗin nan ba. Sauran 'yan wasan da ba su san hawa ba ba su san sauka ba an goge musu shekararsu. Yau kuma dokokin sun sauya har ɗan wasan jami'a yana karɓar kuɗin talla da sunansa a bainar jama'a. Littafin hukuma na cewa Syracuse na da 10, ita tana cewa 11. Duk wanda ya kalli wasan ya san wa ya ci, ya kamata a mayar musu da abinsu.

Ko tsarin kwanakin ƙarshe yana buƙatar a sake dubawa, kodayake a nan zuciyata biyu. Tun 1986 ake haɗa 'yan huɗu a gari guda a ƙarshen watan Mayu: kusa da na ƙarshe ran Asabar, na ƙarshe ran Litinin ta hutun tunawa da sojoji, Lahadi kuma ta ƙananan matakai. Daga 2003 aka koma manyan filaye a Baltimore da Philadelphia da Foxborough, kuma a 2008 mutum 48,970 suka kalli Syracuse da Hopkins. Taro ne mai kyau, iyalai na zuwa da yara riƙe da sandunansu. Sai dai hutun bai cika awa 48 ba, ga zafi, ga filin roba mai ƙona tafin ƙafa. Ƙungiyar da ta dogara da gwanin kokawa guda ko layin 'yan tsakiya guda takan iso Litinin ƙafafu sun yi nauyi, kuma gajiya a lakros tana fara bayyana ne wajen fitar da ƙwallo daga gida da tsintar ta a ƙasa. A 2009 Cornell na gaban Syracuse da ƙwallo 3 saura 'yan mintoci, aka rage saura 1, sannan a rabin mintin ƙarshe ta kasa fitar da ƙwallo daga gidanta. Aka ƙwace, aka farke saura daƙiƙa 4, aka cinye ta 10 da 9 a ƙarin lokaci. Tsarin yana fifita mai yawan 'yan benci, wato mai kuɗi. Duk da haka kowa ya san sharaɗin tun farkon kaka, kuma iri ɗaya ne ga kowa, don haka wannan zan iya haƙura da shi.

Wanda ba zan iya haƙura da shi ba shi ne na waɗanda aka tsayar a waje tun kafin a zo maganar gurbi. A 1880 hukumar lakros ta Kanada ta hana 'yan asalin ƙasa shiga gasar zakaru, da hujjar wai suna karɓar kuɗi. Masu wasan aka kora daga wasansu. A 1941 makarantar Navy ta ƙi karawa da Harvard muddin ɗan wasanta baƙar fata, Lucien Alexis, yana fili, Harvard kuwa ta sa shi a jirgin ƙasa ya koma gida aka yi wasa ba shi. Morgan State, jami'ar baƙaƙen fata a birnin Baltimore, ta kafa ƙungiya a 1970, a 1975 ta doke Jami'ar Washington and Lee da ke kan gaba a lokacin, amma zuwa 1981 ƙungiyar ta rushe. Sai a 2016 Hampton, wata jami'ar baƙaƙen fata, ta shigo babban mataki. Yau babu dokar da ta hana kowa, kuɗi ne ke tsaron ƙofa: kwalkwali, safar hannu, kariyar kafaɗa da gwiwar hannu, sanda, sannan kuɗin ƙungiyoyin bazara masu yawo gari-gari inda kociyoyin jami'a ke zuwa farautar yara. Yaron da iyayensa ba su iya biyan wannan ba, ko ya fi kowa, ba a gan shi ba.

Lambar gwarzon ɗan wasan jami'o'i sunanta Tewaaraton, kalmar Mohawk ce ta wasan. An fara ba da ita a 2001, amma sai 2014 ɗan asalin ƙasa ya fara karɓa, lokacin da 'yan'uwa biyu daga Onondaga, Lyle da Miles Thompson, suka raba ta. Lyle ya sake ɗauka a 2015. Ba Syracuse da ke maƙwabtaka da garinsu suka je ba, Albany suka zaɓa, jami'ar gwamnati da ke shiga gasar ta hanyar cin rukuninta. Da a ce tsarin 1990 ake bi, da wataƙila ƙasar ba ta ga waɗannan yara a watan Mayu ba. Al'ummarsu na da ƙungiyar ƙasa tun 1983, tana tafiya da fasfo nata. A 2010 Birtaniya ta ƙi amincewa da fasfon, suka rasa gasar duniya a Manchester. Da aka bar su suka buga, sun zo na uku a duniya a 2014 da 2018 da 2023. A bikin wasanni daban-daban na World Games na 2022 ba a sa su a jerin farko ba, sai da Ireland ta janye da kanta ta ba su gurbinta. Lakros zai koma Olamfik a Los Angeles a 2028, karon farko da za a ba da lambobi tun 1908, kuma a 1904 wata ƙungiyar Mohawk ta ci tagulla. Ko Haudenosaunee za su shiga da tutarsu, wannan magana tana hannun kwamitin Olamfik na duniya a birnin Lausanne.